Kitse Ne, Ba Gwaiwa Ba

Shekarun baya, zamanin da ake shimfiɗo layin dogo zuwa Maiduguri mutane na ta musu ko jirgin zai iso ko ba zai iso ba, ni ina layin mahauta a kasuwa da walkina da wuƙata. Mahaifina ne ya taho da mu daga Kano tun ina ƙarami, ya kama gida a unguwar Moduganari, ya rasu ya bar ni da mahaifiyata da sana'ar fawa. Lokacin da abin nan ya faru ban cika talatin ba. Ina da mata, Babarbariya, shekararmu uku da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ina kuma da taurin kan da duk layinmu aka san ni da shi. Maigidana, dattijon da ya ƙarasa koya min sana'a bayan rasuwar mahaifina, yakan ce in za a yanka ni sai an wasa wuƙa sau biyu.

Wata rana ina wanka na ji wani ƙululu a matsematsina na hagu, daga saman maraina, daidai inda jijiyar take gangarowa. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Girmansa bai wuce lemon tsami ba. Na bar shi. Bayan wasu watanni ya kai ƙwan agwagwa, in na ɗaura walki yana ɗan nunawa.

Ni dai ban tsorata ba, kuma ina da dalili. Tun ina shekara tara hannuna yake cikin cikin dabba. Yatsun mahauci suna da ido. Idan ruwa ne a cikin fata, ka danna nan sai ya gudu can. Idan hanji ne ya zurmo, za ka ji yana ƙugi a ƙarƙashin yatsa, ka tura shi ya koma. Kitse kuwa daban yake. Yana da laushi, yana da ɗan gaɓa-gaɓa, ka matsa shi ya zame a hankali, ka saki ya dawo inda yake ba gaggawa. Kuma ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, na feɗe rago na tarar da dunƙulen kitse a maƙale jikin jijiyar da ke riƙe da ɗan marainansa, ragon kuwa lafiyarsa lau har ranar da aka kayar da shi. Da na taɓa nawa na ce wa kaina, wannan kitse ne. Na ci gaba da harkata.

Wani abokina ne ya tona ni. Bayan damina ne, kogi da ruwa, mun taso daga kwata mun tsaya wanke jiki kamar kullum. Bantena ya jiƙe ya manne, ya gani. Ya yi dariya ya ce, "Kai, me kake ɓoyewa haka? Gwaiwa ka fara?"

Na ce, "Kitse ne."

Ya ce, "Kitse a can? Duk jikinka ba tsoka, sai can kitsen ya ga dama ya taru?"

Muka yi dariya tare, na ɗauka magana ta wuce. Na san bai yi da mugunta ba, bakinsa ne ba ya riƙe komai. Ya gaya wa matarsa, matarsa ta gaya wa mai kitsonta, kafin wata ya mutu duk layin mahauta da masu kayan miya da ke bayanmu sun sani. Wanda bai yi zamanin ba ba zai gane nauyin kalmar nan ba. A wancan lokacin in an ce namiji yana da gwaiwa, an gama da shi. Ba ciwo ake gani ba, abin dariya ake gani. In ka taho sai a bar kallon fuskarka a koma kallon tafiyarka. Kuma kowa ya yarda, ba tare da ya tambayi kowa ba, cewa mai gwaiwa ba ya haihuwa. To ga ni da shekara uku ba ɗa. Sai mutane suka haɗa wannan da wancan, suka gama hukunci.

Duk wanda ya tsokane ni amsa ɗaya nake ba shi. Kitse ne. Har ta kai in na nufo rumfa wasu suna cewa ga Kitse-ne nan ya iso. Ban fasa faɗa ba.

Ana cikin haka surukina ya aiko kirana. Shi ɗinkin hula yake yi, mutum ne mai tsabta da ji da asalinsa, kuma tun farko bai so ya ba mahauci 'yarsa ba, balle mahaucin Afuno, kamar yadda suke kiran mu Hausawa. Maƙwabtaka da mahaifina ce ta ɗaure shi ya bayar. Na same shi a zaure a kan buzu, da ƙanensa a gefe. Na durƙusa na gaishe su. Hausarsa ta Barebari ce, in ransa ya ɓaci sai ya riƙa ce wa namiji ke. Ranar tun daga gaisuwa ke yake ce min, har yau ban sani ba ko harshe ne ko da gangan ne.

Ya ce maganar da ke yawo a gari ta iso shi. Ya ce shi ba ya son tozarta kowa, amma 'yarsa yarinya ce, ƙannenta biyu da aka aurar bayanta kowace da goyo. Ya ce, "Ciwo ba laifin mutum ba ne. Amma wanda ya san halin da yake ciki bai kamata ya riƙe 'yar mutane ba. Ki sawwaƙe mata."

Na ce, "Baba, ba gwaiwa ba ce. Kitse ne."

Ƙanensa ya kawar da kai yana murmushi. Surukina ya ce, "Mahauci komai nama yake gani."

Na ce, "Baba, in an kawo maka hula ka taɓa, kana sanin zaren ko na kirki ne ko ba na kirki ba kafin ka duba. Ni ma haka hannuna yake."

Bai ji daɗin kwatancen ba. Ya ce ya ba ni daga nan zuwa Babbar Sallah. In an share Sallah abin yana nan, zai aiko a tafi da ita, in ban ba da takarda da arziki ba alƙali zai karɓa. Na ce na ji. Ban ce na yarda ba.

Na koma gida na tarar da matata tana tankaɗe. Ta riga ta san me aka kira ni a kai, gidansu ba a ɓoye mata. Ta dube ni ta ce, "Yana yi maka ciwo?" Na ce a'a. Ta ce, "To." Ta ci gaba da tankaɗenta. Na tsaya a kanta ina son in tambaye ta ko ita tana son tafiya, bakina ya ƙi. Na san ba ta taɓa yi wa mahaifinta musu ba tunda aka haife ta. Na kuma ga yadda take ɗaukar 'ya'yan ƙannenta in sun zo, ba ta son sauke su. Ni da nake kayar da bijimi ni kaɗai, tambaya guda ta gagare ni, saboda tsoron amsar. Sai na shige ɗaki na hau wasa wuƙar da ba ta buƙatar wasawa.

Mahaifiyata kuwa ba ta zauna ba. Ta kawo saiwoyi na sha don kada ta ce na raina ta, ta kawo rubutu na sha, ta kawo wani man shafawa mai warin da ya kori ƙudaje daga rumfata kwana uku. Ƙululu yana nan yadda yake. Rannan da hantsi na dawo daga kwata na tarar da wanzamin unguwarmu a tsakar gida, ya hura garwashi, ya sa wani siririn ƙarfe a ciki har bakinsa ya yi ja. Sakiya zai yi min, wato ya huda kumburin da ƙarfen nan mai zafi ruwan ya tsiyaye. Wanzamin nan shi ya yi min kaciya bayan zuwanmu garin, ina ganin girmansa.

Ya ce, "Zo ka kwanta, ɗana. Yanzun nan za ka ga ruwan ya fita ka huta."

Na ce, "Baba, in ka huda ba ka samu ruwa ba fa?"

Ya ce, "Ana samu."

Na ce, "In ba a samu ba fa? Ka huda min jijiya a banza ke nan. Kawo hannunka ka taɓa."

Ya taɓa. Ya daɗe yana dannawa. Na ga fuskarsa ta ɗan canza, amma mutum ne da aka kira gaban mata, ga garwashi ya riga ya hura, sai ya ce wani ruwan yana da kauri. Na ɗaura walkina na ce a gafarce ni, ba za a huda ni ba.

Mahaifiyata ta fashe da kuka. Ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, sai ta ce, "Kai wannan, so kake ka kashe aurenka da taurin kai? Ubanka ma bai kai ka ba."

Na ce, "Inna, ki yafe min. Asibiti zan je."

Nan kukan ya ƙaru. A lokacin abin da kowa ya sani game da asibiti shi ne, in namiji ya shiga da ciwo a wurin nan, fiɗiye shi ake yi kamar taure a sallamo shi. Abokina da ya jawo min duk wannan ya biyo ni har gida yana roƙo. Ya ce gara gwaiwa da a cire maka gaba ɗaya, mai gwaiwa ko ba komai yana da abin nunawa. Na ce masa ya yi min shiru, bakinsa ya isa haka.

Na tafi da sassafe a ƙafa. Na zauna a benci ƙarƙashin darbejiya har rana ta take, sannan aka kira ni. Likitan Bature ne, dogo, wuyansa ja saboda zafin garinmu. Akwai malamin asibiti da ke yi masa tafinta, mutumin gabas ne, Kirista, Hausarsa ta fi ta surukina nesa ba kusa ba. Na san shi, yana sayen hanta a wurina ran Asabar. Da ya gan ni ya ɗan sunkuyar da kai, ni ma haka.

Likitan ya sa na kwanta, ya danna. Ya sa na miƙe tsaye, ya ɗora yatsa ya ce in yi tari, na yi. Ya sa aka rufe taga, ya kunna tocila ya manna ta a jikin kumburin yana leƙawa. Malamin ya ce min in ruwa ne haske yana ratsawa, wannan bai ratsa ba, don haka ba gwaiwa ba ce. Na ji kamar in rungume tocilan. Amma sai likitan ya ƙara magana, malamin ya ce, "Ya ce yana zaton ƙaba ce. Hanji ne ko tantaninsa ya zurmo ta wata kafa, ya maƙale. Sai an yi aiki."

Na ce, "Gaya masa ba hanji ba ne. Kitse ne."

Malamin ya dube ni ya rage murya. "Mai nama, ba a yi wa likita gyara."

Na ce, "Ni ban gyara masa ba. Gaya masa kawai."

Ya gaya masa, da alama ya sassauta maganar. Likitan ya cire tabarau ya tambayi sana'ata. Da aka ce masa mahauci ne sai ya yi dariya, ba irin dariyar kasuwa ba, ya ce in bayyana masa yadda na sani. Na bayyana masa kamar yadda na bayyana muku, ruwa da hanji da kitse, har da ragunan da na feɗe. Ya saurara har na gama. Ya ce mai yiwuwa ne, ana samun haka, kuma sau da yawa ba a rarrabewa da ƙaba sai an buɗe. Ya ce ko wanne ne, tunda yana girma, gara a buɗe a gani.

Na yi tambayar da ke cina. Na ce, "Za a cire min ɗan maraina?"

Ya ce ba shi da niyya. Amma ba zai rantse min ba, don bai ga cikin ba tukuna. In ya buɗe ya tarar da mugun ƙari wanda ya kama jijiyar, ba yadda zai yi sai ya cire. Aka ajiye min takarda da tawada a kan tebur.

 Wata shida ina cika baki a kasuwa, yanzu an ce in dangwala yatsa a kan maganata. In na yi kuskure, da hannuna na sa aka yi min abin da ya fi gwaiwa, kuma surukina ba sai ya je wurin alƙali ba. Na sa hannu cikin wando a gabansu, ba kunya, na sake taɓawa. Ya zame a hankali, ya dawo. Na ce, "Ina da sharaɗi ɗaya. Duk abin da aka ciro, a ba ni a hannuna." Malamin ya ce ba a saba yin haka ba. Likitan ya ce a ba ni. Na dangwala.

Ranar aikin ban tuna komai ba sai wani abu mai wari da aka kifa min a hanci, aka ce in ƙirga. Na kai bakwai. Da na farka rana ta yi yamma, bakina a bushe, amai na taso min, marata kamar an ɗora dutse. Abin da na fara yi kafin ko salati, Allah ya yafe min, shi ne na zura hannu ƙarƙashin zane na ƙirga. Biyu. Na sake ƙirgawa don kada maganin ne yake ruɗa ni. Biyu ne.

Washegari likitan ya zo zagaye, malamin na biye da shi riƙe da wata kwalba mai faɗin baki. A ciki, cikin wani ruwa, ga shi nan. Rawaya, mai gaɓa-gaɓa, da ɗan tantani a jikinsa, irin wanda nake yankewa in jefa a gefen faranti kullum. Likitan ya miƙo min da kansa ya yi magana, malamin yana dariya ya ce, "Ya ce a gaishe da mahauci. Ba hanji, ba ruwa. Kitse ne ya taru a jikin jijiyar, ya ɓare shi ya bar jijiyar lafiya. Ba mugun ƙari ba ne, ba ya bazuwa, ba ya kisa."

Na riƙe kwalbar a ƙirjina. Sai na yi tambayar da ban gaya wa kowa ina ɗauke da ita ba. Na ce, "To yanzu da aka cire, zan haihu?"

Likitan ya girgiza kai. Ya ce kitsen nan ba shi ya hana ba, cire shi kuma ba zai kawo ba. Ba ruwansa da haihuwa ko kaɗan. Wannan maganar ta fi yankan zafi. Ashe duk gardamar da nake yi, can ƙasan raina ina fatan mutanen kasuwa suna da rabin gaskiya, a ce abin nan ne ya tare hanya, a cire a huta. Na ci gardama, amma abin da surukina yake nema ba ya cikin kwalbar.

Na yi kwanaki a kwance. Matata tana zuwa kullum da kunu, ta zauna a bakin gado, ta tafi, ba mu taɓa maganar ba. Da aka warware zaren aka sallame ni, ban wuce gida ba, kasuwa na nufa ina takawa a hankali. Na ajiye kwalbar a kan katakon maigidana ban ce komai ba. Mahauta suka taru. Maigidan ya buɗe, warin ruwan ya sa ya kawar da hanci, ya tsamo abin da tsinken tsire, ya ɗora a katako. Ya danna da babban yatsa, ya ɗan yanki gefe ya duba cikin. Ya ce, "Kitse ne." Ya ƙara da cewa, "Mai kyau ma, in da na rago ne." Aka kwashe da dariya, wannan karon har da ni, ko da yake dariyar tana ja min ɗinki. Abokina ya matso yana sosa ƙeya ya ce in yafe masa. Na ce na yafe, amma yadda ya kai waccan maganar gidan mai kitso, haka zai kai wannan.

Kwana uku bayan Sallah, garin ya yi zafi kamar bakin murhu, na tafi gidan surukina ban jira aike ba. Matata tana can tun ranar Sallah, ta je gaisuwa aka ce ta ɗan zauna. Na san ma'anar ta ɗan zauna. Na tarar da shi da ƙanensa da wasu dattawa biyu. Na gaishe su, na ajiye kwalbar a gaban buzunsa.

Na ce, "Baba, ga gwaiwar."

Ya duba daga nesa, bai taɓa ba. Labari ya riga ni isowa. Ya ce, "Na ji. An ce kitse ne. Haihuwa fa?"

Ƙarya tana nan a bakina, a shirye. In na ce likita ya ce yanzu hanya ta buɗe, ba wanda zai je ya tambayi Bature, zan samu shekara ɗaya ko biyu. Amma wata shida ina tsaye a kan gaskiya ana yi min dariya, ban ga yadda zan zo ranar da ta fito in sauka daga kanta ba. Na ce, "Likita ya ce wannan ba ruwansa da haihuwa. Bai hana ba, cire shi bai kawo ba. Ban sani ba ko zan haihu, Baba. Kai ma ba ka sani ba."

Ƙanensa ya ce, "To ai maganar tana nan inda take."

Na ce, "Ba ta nan. An ce in sake ta saboda gwaiwa, ga shi babu gwaiwa. In saboda ni mahauci ne, a faɗa min a fili, shi ba a cire shi a asibiti. Ni dai ban sake ta ba, kuma ba zan sake ta don maganar kasuwa ba, ko gaban alƙali haka zan ce. Amma in ita da bakinta ta ce ta gaji, yau ɗin nan zan ba da takarda, ba sai an kai ni ko'ina ba."

Ina rufe baki na yi nadama. Abin da na yi wata shida ina gudu, na ɗauko shi da kaina na ajiye a gaban mutum huɗu. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce wannan magana ce ta adalci, a kira ta. Surukina bai so ba, amma ba yadda zai yi.

Ta fito a lulluɓe ta durƙusa a bakin ƙofar zaure, kanta a ƙasa. Mahaifinta ya yi mata magana da Barbarci, doguwa, ina tsintar abin da na iya tsinta: ƙannenta, shekarunta, tsufa ba ɗa. Ya tambaye ta.  Ya sake tambaya.  Sai ta amsa da Hausa, na san don ni ta yi haka.

Ta ce, "Baba, ka yafe min. Tun bara ake maganata a gidan nan da can, ba wanda ya tambaye ni sai yau. Ni ban ce a raba ni da kowa ba. In Allah ya ba mu, ya ba mu. In bai ba mu ba, a ɗakina nake so ya hana ni."

 Surukina ya ɗauki hular da yake ɗinki ya zura allura, ya zare, ya sake zurawa a wuri ɗaya. Can ya ce da ita ta tashi ta ɗauko kayanta. Ni kuma ya ce min, ba tare da ya ɗago ba, in ɗauke wannan ƙazantar daga gabansa.

A hanya tana bayana da ƙullin kayanta a ka, ni ina gaba ina ɗingishi, ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Muna shiga inuwar wata darbejiya ta ce in tsaya. Na tsaya ina jiran yabo.

Ta ce, "Afuno, ka yarda an kwantar da kai an yanka ka da wuƙa, amma ka kasa tambayata magana ɗaya a tsakar gidanmu."

 Ta wuce ni ta shiga gaba, ni na bi ta.

Shekara arba'in da ɗaya muka yi tare kafin Allah ya karɓi abarsa. Ba mu haihu ba. Daga baya da asibitoci suka yawaita, 'yan uwa daga ɓangarena da nata suka yi ta matsa mana mu je a gwada a ga wa ke da matsalar. Na ƙi, ita ma ta ƙi. Mun san ba magani suke nema mana ba, so suke su san wanda za su nuna da baki, ni kuwa an taɓa nuna ni na san daɗinsa. Ba na ce kowa ya yi yadda muka yi ba. Wanda ya ji wani abu a jikinsa ya je a duba, kada ya tsaya jiran hukuncin 'yan kasuwa, kada kuma ya dogara da yatsunsa kamar ni, don ni ma sai da aka buɗe aka tabbatar. Amma abin da ya shafi ɗakinka, wanda kuke ɗakin tare shi ne na farkon tambaya, ni sai da aka yanka ni na koyi wannan.

Rashin ɗa yana da ciwo, ba zan yi muku ƙarya ba, yanzu da tsufa ya zo ma ya fi. Amma har yau in an tambaye ni 'ya'yana nawa, ina duban mutum a ido in ce babu, ba na rage murya. Matar da ta faɗi abin da ta faɗa a gaban mahaifinta da dattawa uku, ba zan zo bayan ranta in riƙa jin kunyar zaɓinta ba.